Fortuna da Jarrabawar Duwatsu

A layinmu na unguwar Sanita, cikin Napoli, in ka ga maza sun yi saurin kurɓe gahawarsu sun watse daga bakin kanti, to ba hadari ne ya taso ba, Donna Fortuna Vitiello ce ta sauko daga bene. Matar nan ba ta da faɗa, ba ta da rowa, gulma kuwa ko kusa. Abin da ke korar mutane daga gabanta tambaya ce. Kuma ba irin tambayar 'yan sa-ido ba, ta wa ya auri wa, wa ya kori wa. Wannan ko a jikinta. Ita so take ta san yadda duniya take tafiya, kuma a ganinta duk wanda Allah ya haɗa ta da shi a hanya yana riƙe da wani gutsuren amsar.

Sai ta tsaya gaban mai kifi, ta ƙura wa tire ido, ta ce, "Don Allah, kifin nan yana barci kuwa? To da yake ba shi da fatar ido, yaya yake yi?"

"Donna Fortu, saye za ki yi ko wa'azi zan yi miki? Ga mutane a bayanki!"

"Shekara nawa kana yanka su, ba ka taɓa tambaya ba?"

"Ni matattu ake kawo mini. Ki je teku ki tambayi masu rai."

Haka take tun tana 'yar mitsitsiya. A makarantar sistoci ta taɓa ɗaga hannu ta tambayi inda ruwan Annabi Nuhu ya tafi bayan ya janye, tun da ko'ina a cike yake. Sista ta amsa mata da rula a bayan hannu. Tana shekara goma sha uku ubanta ya cire ta daga makaranta ya kai ta gidan ɗinkin safar hannu ta fata, sana'ar uwarta da kakarta, sana'ar rabin matan unguwar a lokacin. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sa'an nan ta zauna ta koya, ta kuma iya fiye da kowa. Yanzu a gida take yi, a bakin taga a hawa na uku. Da safe ta zura kwando da igiya a sa mata yankakkiyar fata da burodi, da yamma ta sauke safa ɗinkakkiya, a kwashe a kai kantunan Milano da Faris. Ko a nan ma ba ta huta ba: takan juya safar a hannu tana tunanin wace irin mace ce ke da yatsu masu tsawo haka, kuma me take yi da su.

Mijinta Sabatino ɗaure igiyar jiragen ruwa yake yi a tasha, waɗanda ke kai mutane tsibirai. Ta hanyar tambaya ma ya same ta. Tana budurwa ta tare shi a bakin ruwa ta ce, ya aka yi allurarta take nutsewa amma wannan uban ƙarfen yake yawo a saman ruwa? Ya ce shi kam bai sani ba, amma in za ta dawo ran Lahadi zai tambayo mata kyaftin. Ta dawo ran Lahadi, ta dawo ta gaba, magana ta kai ga coci. Kyaftin dai ya yi ritaya ya mutu ba a tambaye shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Luana. Ita kaɗai ce a duk Sanita ba ta gudun uwar. In Fortuna ta jefa tambaya, yarinyar sai ta tafi, gobe ta dawo da amsa daga wurin malaminsu ko daga wani littafi. Da ta gama sakandare ta ce ilimin duwatsu za ta karanta a jami'a, Sabatino ya riƙe baki.

"Duwatsu? Garin nan kaf a kan dutse yake, ga wani mai aman wuta can yana jiran ya tashi ya cinye mu. Sai an je jami'a?"

Fortuna kuwa har rawa ta taka a kicin. Shekarar farko teburin cin abincinsu ya koma aji. Me ya sa rawayan dutsen da aka gina gidansu da shi yake marmashewa in an kankare shi da farce? Me ya sa ƙasa take kumbura a Pozzuoli har jiragen masunta su kasa matsowa bakin gaɓa? Luana tana amsawa da cokali a hannu, tana zana taswira da miya a gefen faranti, uban yana cewa a bar shi ya ci taliyarsa lafiya.

Daga nan abu ya fara sauyawa, a hankali, yadda ba za ka iya nuna ranar ba. Amsoshin suka gajarce, suka koma "ban sani ba, Mamma", suka koma ƙofa a rufe. Karatun shekara uku ya shiga ta shida. 'Ya'yan maƙwabta da suka shiga bayanta suka fito da kambun ganye a ka, alamar gama digiri, aka yi ta aiko wa Fortuna jar alewar biki tana sawa a aljihun tebur. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Duk sakamakon da Fortuna ke iya tunawa ta kawo gida talatin ne, makin da babu na sama da shi, Fortuna ta leƙa baranda ta shelanta wa layi. Sai dai talatin ɗin nan ba ya zuwa sai an manta da shi, kullum kuma Luana tana kan littafi har ta rame. To ina sauran jarrabawowin suke shiga?

Wata Lahadi da bazara ta fara, ana cikin cin abinci, Luana ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Na yi waya da Kawu Gaetano. Yana neman mai tsaya masa a shagon askirim a Stuttgart. In aka gama jarrabawar Yuli ina nan inda nake, na bar karatun, Jamus zan tafi."

Sabatino ya ajiye cokali. Fortuna ta ji kamar an zare mata kujera. Ta buɗe baki, tambayoyi goma suka yi cunkoso a ƙofa, kafin ɗaya ta fito yarinyar ta shige ɗaki. Mun ga 'ya'yan unguwa da yawa da suka tafi Jamus "na ɗan lokaci". Sukan dawo hutun Agusta da yara masu jin wani yare. Fortuna ta san in Luana ta hau jirgin ƙasan nan, ta rasa karatun ta kuma rasa 'yar.

Ba da niyyar leƙen asiri ta fara zuwa jami'a ba, wannan zan iya rantsuwa. Saƙon safa ta kai wani kanti a can ƙasan gari, tana fitowa ta ci karo da ayarin wani saurayi da kambun ganye, abokansa na waƙar tsiya suna fesa masa giya, kakarsa na kuka a baya. Ta bi su da kallo, ƙafa ta bi ido, sai ga ta a cikin farfajiyar ginin da 'yarta ta shekara shida tana shiga, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa taka shi ba. Ɗalibai zube a kan matakala kamar an shanya su, kowa da littafi fal jan layi da kore, wannan na haddace wa bango, waccan na shan taba, wasu biyu 'yan ƙauyukan kudu na rabon burodi da man zaitun da uwa ta aiko. Warin gahawar inji da gumin tsoro ya cika wurin.

Wani dattijo mai ƙaton ciki da tarin mabuɗai a ƙugu ya tare ta. Don Aniello ke nan, mai kula da ƙofofin ginin.

"Signora, wa ake nema?"

"Ba kowa. Me ake yi a ɗakin can?"

"Yanka," in ji shi. "Wato jarrabawa."

"Ƙofa a wangale?"

"Haka doka ta ce. Jarrabawar baki a gaban jama'a ake yin ta, kada a ce malami ya yi son kai. Ke, ni, mai sayar da lemo, kowa na iya shiga ya zauna. Amma wa zai shiga? Wa ke sha'awar ganin ɗan mutum yana zufa?"

Bai rufe baki ba ta riga ta sami benci a baya.

Abin da ta gani ranar ya hana ta ɗinki. Wani malami mai sanƙo zaune bayan tebur, wani saurayi mai gemu a gabansa, ana maganar dokokin Rumawan da. Malamin ya yi tambaya, yaron ya amsa, malamin ya ce, "Me ya sa?" Ya amsa, ya sake cewa, "To in haka ne, me ya sa?" Kuma yaron bai tashi ya gudu ba, bai ce ga mutane a bayanka ba! Fortuna ta dafe ƙirji. Ya Madonna uwar Almasihu, ashe akwai aikin da aka yanka daidai ita a duniya, ba wanda ya gaya mata. Mutum ya zauna tun safe yana tambaya, a kira shi Farfesa, har a miƙe masa in ya shigo.

A ƙarshe malamin ya ce, "Sha takwas. Ka karɓa?" Yaron ya ce ya karɓa tun kafin a rufe baki, ya fita da gudu, aka ji ihunsa a matakala.

Ta damƙe Don Aniello a ƙofa. "Me ya sa ya tambaye shi ko ya karɓa? Kyauta ce?"

"Kai, yau na gamu da gamona. Signora, sha takwas shi ne na ƙasa da ake ci da shi, talatin shi ne ƙoli. In makin bai yi wa ɗalibi ba, yana da ikon ya ce a'a. A share, kamar bai taɓa zuwa ba, ya dawo wani zama ya sake daga farko."

"Ya ci jarrabawa, ya ce ba ya so?"

"Ƙwarai."

"To wane mahaukaci ne zai yi haka?"

"Ki ci gaba da zuwa," in ji shi, yana karkaɗa mabuɗai.

Ta kuwa ci gaba. Ta koma yin ɗinki da sassafe don ta sami hantsi. Ta ga jarrabawar tarihi, ta ga ta tsirrai, ta ga wata yarinya ta suma a kan sunan wani sarki. Ta koyi cewa ɗalibai ba sa yi wa juna fatan alheri da sunansa, sai su ce "cikin bakin kerkeci", a amsa "ya mutu". Ta koyi cewa akwai mai zuwa da safar ƙafa ɗaya tun shekarar farko, ba ya wanke ta. Takan kai wa Don Aniello ɗan biskit, shi kuma ya gaya mata wane ɗaki ne ya fi zafi yau. Bai taɓa tambayarta ko tana da ɗa a wurin ba, ita ma ba ta faɗa ba. A gida kuwa ko uffan.

Cikin Yuni Luana ta ce wa ubanta kada a jira ta ran Alhamis, tana da jarrabawa. Fortuna ta ji. Ta yi ta gaya wa kanta ba za ta je ba, har zuwa lokacin da ta tsinci kanta a hawa na biyu, bayan wani ginshiƙi, a ɗaki mai akwatunan gilashi cike da duwatsu.

Farfesa Sepe ce mai jarrabawar, wata siririyar mace mai furfura da tabarau a wuya. Aka kira Vitiello. Luana ta zauna, ta ba da baya ga jama'a. Farfesa ta tura mata tiren duwatsu, ta ce ta ɗauki na tsakiya. Yarinyar ta ɗauka, ta juya shi, ta duba da ɗan gilashi, sa'an nan, jama'a, ta fito da harshe ta lashe shi. Fortuna saura kaɗan ta yi ihu. Ta haifi 'ya, ta yi mata tarbiyya, ta zo gaban manya tana lasar dutse! Amma ba wanda ya motsa, Farfesa ma gyaɗa kai ta yi. Luana ta ɗiga masa wani ruwa daga kwalba, ya yi kumfa, ta fara magana.

Wannan ita ce muryar da ta ɓace daga teburinsu. Ta faɗi sunan dutsen, ta faɗi cewa a ƙarƙashin wani teku ya kwanta tun babu mutane, ta nuna ɓawon ƙananan halittun da suka mutu a cikinsa. Fortuna ba ta fahimci rabi ba, amma tsigar jikinta ta tashi, alfahari ya cika ta. Aka je dutse na biyu lafiya. A na uku Luana ta yi tuntuɓe, ta faɗi suna, ta janye, ta gyara.

Farfesa ta cire tabarau. "Ashirin da shida, Vitiello. Maki ne mai kyau, kuma ina roƙonki ki saurare ni: mai kyau ne. Kin karɓa?"

Fortuna ta riga ta fara murmushi.

"A'a, Farfesa. Zan dawo Yuli."

Wani ɗalibi a gaba ya buga goshinsa a benci. Farfesa ta daɗe tana kallon yarinyar, sa'an nan ta ce a kira na gaba. Luana ta ɗauki jaka ta fita kanta a ƙasa, ta wuce ginshiƙin ba ta ga kowa ba.

Ni dai duk wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada ta mayar da maki, ban san me ya sha ba ranar. An yi ta ne don a ba ɗalibi 'yanci, na ji, na yarda. Amma ka miƙa wa yaro mai tsoro wuƙa irin wannan, ka ce ya yi yadda ya ga dama?

Don Aniello na jingine a bakin ƙofa. "Kin ga mahaukacin da kike tambaya? 'Yar Talatin muke ce mata. Wannan jarrabawar kaɗai ta ci ta ya fi a ƙirga, tana mayarwa. Da ta karɓi abin da ake ba ta, da tuni ta gama ta manta da mu. Yarinya mai hankali, ga ladabi. Ni da zan ga uwarta, da na tambaye ta abin da take yi wa 'yar nan a gida."

Fortuna ta dube shi. Ta sauka matakala tana riƙe da bango.

Da la'asar ta sami Luana a saman soro tana kwashe shanya. Ta yi niyyar ta bi a hankali, ta fara da zancen zafi, amma ina! Bakin da ya saba.

"Me ya sa kika mayar da ashirin da shida?"

Zanen gado ya faɗi daga hannun Luana. "Wa ya gaya miki?"

"Ina wurin. Ƙofa a buɗe take, doka ce."

"Kin bi ni? Mamma, har can ma? Wuri ɗaya da nake da shi a duniya!"

"Lua, kin ci! Na ji ki da kunnena, kin ci, matar nan har roƙonki take. Me ya sa?"

"Me ya sa, me ya sa, me ya sa!" Yarinyar ta yi jifa da maƙalan shanya. "Kina so ki sani? Jarrabawata ta farko, na hau benen nan da gudu ko numfashi ba na yi, na ce Mamma, ashirin da huɗu! Me kika ce mini?"

Fortuna ta lalubi ranar a kanta, ba ta same ta ba.

"Ko ɗagowa daga keken ɗinki ba ki yi ba. Kika ce, shidan fa, ina suka tafi?"

"Haba, Lua! Ai so nake in san yadda ake lissafin abin. Wa ke cirewa, a kan me. Ban ma san ashirin da huɗu mai kyau ne ko marar kyau ba. Tambaya ce kawai!"

"Na sani. Komai naki tambaya ce kawai. Ke aka cire daga makaranta, ni aka sa, kullum ina sane. Duk abin da kika tambaya na kasa, ji nake na ci amanarki. Ran da na kawo talatin kuwa, kika fita baranda kika tara mini duk layi, kuma ba ki tambaye ni komai ba. Komai! Na ci abinci ranar kamar kowa. To shi nake nema tun daga nan, kuma na gaji, Mamma. Wallahi na gaji."

Ta kwashi kayan ta sauka. Fortuna ta zauna a kan bokitin da aka kife. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da wani haushin da ba ta san wa za ta ɗora wa ba. Duk rayuwarta ta ɗauka tambaya kyauta ce take ba mutane, alamar ta ɗauke su masu sani. Ba ta taɓa tsayawa ta duba yadda take sauka a kan wanda aka jefa wa ba, ita da ke son sanin komai.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Luana na karatu, akwatin tafiya kuma ya sauko daga kan kabad ya zauna a lungu, a buɗe. Ranar jarrabawar Yuli ta zo. Da safe, Luana tana ɗaure takalmi, ta ce wa uwar, "Kada ki shiga. Na roƙe ki."

Fortuna ta zauna a keke, ta ɗinka babban yatsan hagu a safar dama, ta farke, ta sake yin kuskuren. Ta tashi ta sa takalmi.

Don Aniello ya hango ta ya washe baki. "Signora, kin makara! An fara, kuma 'Yar Talatin na ciki. Bencinki na nan."

"Yau a nan zan zauna." Ta nuna matakala.

"A'a? Lafiya?"

"Ni ce uwar."

Dattijon ya tuna maganar da ya yi mata rannan. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tafi, ya dawo da gahawa a ɗan kofin roba, ya ajiye kusa da ita.

Ƙofar na nan a wangale a bayanta, taku kaɗan. Duk Napoli na da ikon shiga ban da ita. Tana jin muryoyi sama-sama, tana jin ƙarar dutse a kan tire, ba ta jin kalma. Wuyanta ya yi ta son juyawa, ta dafe shi da hannu kamar mai ciwon haƙori. Ɗalibai na fita, wani na dariya, wata na kuka. Gahawar ta huce ba ta taɓa ba.

Sai ga takalman da ta sani sun tsaya a gefenta.

"Na ce kada ki zo."

"Kin ce kada in shiga. Ban shiga ba."

Luana ta dube ta, ta dubi ƙofar, ta gyara jaka. "Mu je."

Tafiyar nan daga ƙasan gari zuwa Sanita, Fortuna ta ce ba ta taɓa yin mai tsawonta ba, har da ta ranar haihuwa. Fuskar yarinyar ba ta nuna komai. Idon ya yi ja, amma kuka ne ko rana? Jakar a kafaɗar hagu, hakan na nufin wani abu? Tambaya ta hau har kan harshe, ta haɗiye, wata ta taso. A kasuwa ta tsaya ta sayi dankali da cuku, ta yi ta zaɓe kamar ran duniya a kansu yake. Suna shiga layi wata maƙwabciya ta leƙo daga baranda.

"Donna Fortu! Yaya 'yar jami'a? Talatin ne kamar kullum?"

"Ki kula da shanyarki, tana ɗiga a kan mutane!"

Sabatino na gida, ya dawo daga tasha. Ya ga sun shigo, ya miƙe, ya buɗe baki. Fortuna ta taka masa ƙafa da dukkan nauyinta. Bawan Allah ya koma ya zauna, ya ɗauki jarida a juye.

Ta ɗora tukunya, ta zube dankali a tebur, ta fara fera. Can Luana ta jawo kujera, ta ɗauki wuƙa ta biyu. Suka yi ta fera, babu abin da ake ji sai faɗuwar ɓawo da rediyon maƙwabta. Dankalin ya kusa ƙarewa.

"Sha tara," in ji Luana, idonta a kan wuƙa. "Na rikice tun a dutsen farko, ban taɓa yin muni irin na yau ba." Ta juya dankalin. "Na karɓa. Baba, in ka yi waya da Kawu Gaetano ka ce ya nemi wata. Akwai zama a Satumba, ina da sauran da yawa."

Sabatino ya sauke jarida. Fortuna ba ta ɗago ba. Daɗi ya kama ta, hawaye na sauka a kan dankalin, ba ta share ba. A ƙarƙashin daɗin kuma, don hali ba ya barin mai shi, wata 'yar tambaya na ta motsi: wane irin dutse ne haka da ya rikita 'yarta? Launinsa fa? Ta lashe shi?

Luana ta ajiye wuƙa tana kallonta, kafaɗunta a ɗage, tana jira.

"Miƙo mini gishiri," in ji Fortuna.

Kafaɗun suka sauka. Yarinyar ta tashi ta ɗauko gishiri, ta tsaya a bayan uwar, ta kwantar da goshinta a tsakanin kafaɗunta, ta daɗe a haka tukunya na tafasa.

Donna Fortuna na nan a tagarta, tana korar maza daga bakin kanti kamar da. Amma har yau ba ta san wane dutse aka miƙa wa Luana a ranar ba, kuma abin yana cin ta ƙwarai.